Jagorar gane ruwan sha da gyara shi a Sassumbrum da kewaye

Duk shekara ana kafa sabbin kwamitocin ruwa a garuruwan Sassumbrum da sauran karkarar Magarya da Dungas. Ana naɗa sabbin masu tsaron famfo, samari suna sayen amalanke da jarkoki su shiga ga-ruwa, amare suna tarewa a gidajen da ba su san halin rijiyarsu ba. Kurakuran da nake tararwa wajen sabbin hannu kuwa ba sa canzawa. Ruwa ya ƙi yin kumfa, sai a antaya masa jabel, wato ruwan kulorin na wanki. A ɗebo na tafki jawur, a kaɗa masa alif, ya kwanta ya yi garau, a miƙa wa yaro. Ruwa ya yi zartsi, a ƙona itace ana tafasa shi, zartsin ya ƙaru. Rijiya tana taku goma da masai, amma ba mai yarda a taɓa ta, wai duk unguwa babu mai garɗinta.

Tushen abin ɗaya ne: ana yi wa ruwa magani ba a san ciwonsa ba. Abin da ke ɓata ruwa kashi biyu ne. Akwai wanda ya narke a cikinsa daga ƙasa, irin su kanwa, gishiri, alli, ƙarfe, fuloraid da nitrat. Akwai kuma mai rai, wato ƙwayoyin cutar da ke fitowa daga bayan gidan mutum da kashin dabba. Maganin wannan yawanci ba ya taɓa wancan. Harshe da ido suna kama masu ɓata ɗanɗano da wanki, amma waɗanda ke kwantar da mutum ko su lanƙwasa ƙafar yaro ba su da ɗanɗano, ba su da launi. Shi ya sa na jera matakan nan bi da bi, kuma ina roƙon mai karatu kada ya tsallake na gaba ya faɗa na baya.

Ƙasar da muke sha daga cikinta

Birnin Damagaram yana zaune kan dutse, sai an janyo masa ruwa daga nesa, daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram. Mu a kwarin Korama Allah ya kusanto mana da shi. Ƙasarmu yashi ce, a wasu fadamun mita kaɗan za ka haƙa ka tarar da ruwa, shi ya sa rake da lambuna suke yi mana kyau. Sai dai wannan kusancin yana da farashi. Yashi ba ya riƙe abu: abin da aka zubar a sama, ko ruwan masai ne ko takin zamani, ba ya daɗewa ya isa ƙasa. Inda ruwa ya yi kusa da sarari kuma rana tana shanye shi ta bar gishirinsa, shi ne farin da kake gani ya yi ɓawo a gefen tafkuna da bazara. Saboda haka a gari ɗaya sai ka sami rijiyar tudu mai daɗi da rijiyar kwari mai kanwa, tsakaninsu bai fi tafiyar minti biyar ba. Kada ka yi wa rijiyarka hukunci da ruwan maƙwabcinka.

Kayan aiki

Na gida: kwalaben roba farare masu murfi guda uku ko huɗu, wankakku, farin bokiti, farin ƙyallen auduga mai sauƙin wanki, sabulun sanda marar turare, buta ko tukunyar shayin da aka daɗe ana dafa ruwan wurin a cikinta, ɗan busasshen zoɓo, sabon sirinji marar allura, ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta, don kwatanci, littafi da biro.

Na kwamiti, wanda ya kamata a saya daga kuɗin ruwa: takardar gwajin pH mai nuna tsamin ruwa ko kanwarsa, ƙaramar na'urar auna gishirin ruwa mai kama da alƙalami, da akwatin gwajin kulorin tare da ƙwayoyinsa na DPD. Kwamitin da ba shi da kayan nan uku yana aiki ne da ka.

Mataki na 1: Zagaya rijiyar kafin ka ɗanɗana ruwanta

Sabon hannu yakan fara da kofi, ni kuwa da ƙafa nake farawa. Auna tazarar da ke tsakanin rijiya ko famfo da masai mafi kusa. Ƙa'idar da masu aikin ruwa suke bi ita ce mita 30 aƙalla, kuma gindin ramin masai ya tsaya mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake kaiwa. A fadama, inda ruwa ke tasowa da damina, wannan sharaɗi na biyu shi ne ake yawan karyawa ba a sani ba: ramin da yake busasshe a watan Afrilu yana iya zama cikin ruwa tsamo-tsamo a watan Agusta. Duba kuma ko masan yana sama da rijiyar ta wajen gangare, domin ruwan ƙasa ma gangare yake bi.

Daga nan dubi bakin rijiyar. Akwai katanga da ta kai ƙugu? Daɓen siminti da ke kewaye ya tsage? Ruwan da ya zube yana da magudanar da ke kai shi nesa, ko yana kwance yana komawa ciki? Ina kwamin shayar da dabbobi yake? Ina ake ajiye guga da igiya? Igiyar da aka ja a ƙasa cikin taɓo da kashin shanu, aka sake zura ta, ta gama da ruwan rijiyar ko da an zuba masa magani jiya. A kafa itace mai ƙugiya a rataye guga ɗaya na kowa da kowa, ya fi kowane gida ya zo da nasa.

In rijiyar lambu ce, tambayi mai lambun inda yake zuba uriya da inda yake wanke tankin feshi. Rijiyoyin roba da ake kafawa don ban ruwa gajeru ne, ba a yi su don sha ba, amma masu aiki a lambu suna sha, har a ciko jarka a kai gida.

Gargaɗi a nan, kuma da babbar murya: kada kowa ya shiga rijiya don dubawa ko yasa sai an zura fitila mai wuta an ga ba ta mutu ba, sai da igiya a ƙugunsa da mutane a sama. Injin ban ruwa mai shan fetur ba a saukar da shi cikin rijiya, ba a kuma ajiye shi a bakinta hayaƙi yana gangarawa. Hayaƙin nan yana kashe mutum cikin mintuna, ya kashe wanda ya shiga ceto.

Mataki na 2: Cika kwalba, ka ba ta lokaci

Cika farar kwalba, ɗora ta kan rubutun jarida mai manyan baƙaƙe, ka leƙa ta sama. In ba ka iya karanta rubutun, ruwan ya yi gurɓin da sai an kwantar da shi kafin kowane magani. Sansana shi. Warin ruɓaɓɓen ƙwai yana nuna ruwan da ya rasa iska a ƙasa ko abin da ya ruɓe a ciki. Warin fetur ko na maganin feshi kuwa ba shi da gyara a gida, a bar ruwan nan take.

Sannan ajiye kwalbar a buɗe ta kwana. Ruwan da ya fito fari tas daga famfo, da safe ka tarar ya yi ja da ɗan gari a gindi, ƙarfe ne a cikinsa. Da ya wuce miligiram 0.3 a lita yakan fara ɓata farin kaya da ɗanɗanon shayi. Ba ya cutarwa a irin yawan da muke gani, illarsa ita ce yana korar mata daga famfo mai tsabta su koma tafki. A nan ake yawan yin asara, a ce rijiyar ta lalace a yi watsi da ita. Gwada tukuna: ɗebi ruwan bugun farko da asuba, ka sake ɗiba bayan an yi awa guda ana bugawa. In na asuba ja ne na baya fari, ba ƙasa ce ke ba da ƙarfen ba, bututun famfon ne ke cin tsatsa. Ruwan yashi sau da yawa yana da ɗan tsami, kuma in takardar pH ta nuna ƙasa da 6.5, bututun ƙarfe ba ya daɗewa a cikinsa. Maganin shi ne a canza zuwa bututun roba ko ƙarfen da ba ya tsatsa. In kuwa duka biyun suna yin ja, daga ƙasa ne: a riƙa juya ruwan daga bokiti zuwa bokiti ya sha iska, a bar shi ya kwana, a tsiyaye na sama.

Mataki na 3: Rarrabe ruwa mai nauyi da ruwan kanwa

Nan ne aka fi ruɗewa, domin mutane duk ruwan da bai yi musu daɗi ba suna haɗa shi a suna ɗaya, alhali iri biyu ne masu kishiyar hali.

Ruwa mai nauyi shi ne mai yawan kalsiyam da magniziyam, sinadaran alli da farar ƙasa. Ga yadda za ka gane shi. Kankare ɗan sabulun sanda ka narkar a ruwan sama. Zuba ruwan sama rabin kwalba ɗaya, ruwan rijiyarka rabin wata. Da sirinji ka ɗiga ruwan sabulun daidai wa daida a kowace, ka rufe, ka girgiza sau goma. Kwalbar ruwan sama za ta taso da kumfa mai tsayawa. In ta rijiyar ta yi fari kamar tsinkakken nono, da ɗan gudaji-gudaji yana yawo a sama, kumfar kuma ta mutu nan da nan, ruwanka mai nauyi ne. Yawan ɗigon da za ka ƙara kafin kumfa ta tsaya shi ne gwargwadon nauyinsa. Kada ka yi wannan gwaji da omo. An haɗa omo ne don ya yi kumfa a kowane irin ruwa, zai ɓoye maka gaskiya.

Shaida ta biyu tana cikin buta. Leƙa gindin wadda aka daɗe ana dafa ruwa a ciki: farin ƙanzo mai tauri da ke ɓantarewa in ka sa farce, allin ruwan ne da zafi ya fitar. Shaida ta uku tana wajen uwargida. Tambaye ta wake. A ruwa mai nauyi wake yana cin itace ya ƙi nuna sai an jefa masa kanwa, domin kalsiyam yana ƙara wa fatarsa tauri.

A ɗakin gwaji, abin da bai kai miligiram 60 a lita ba ruwa ne marar nauyi, daga 120 zuwa 180 mai nauyi, abin da ya haura 180 mai nauyi ƙwarai. To amma ka riƙe wannan: Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa wa nauyin ruwa iyaka don lafiya ba, saboda shansa ba ya cutarwa. Ɓarnarsa a aljihu take. Yana cin sabulu, yana toshe bututu da kan famfo, yana taruwa a injin da ke tura ruwa zuwa shato, wato tankin ruwan gari. Tafasawa tana rage wani kaso nasa, shi ne abin da ke zama ƙanzon buta. Ƙanzon kuma ruwan tsamiya ko lemun tsami yana narkar da shi in aka jiƙa ya kwana. Don wanki da wankin kai, tara ruwan sama ya fi komai sauƙi. Jabel ba ya rage nauyin ruwa ko kaɗan.

Ruwan kanwa halinsa daban. Sabulu yana kumfa a cikinsa sosai, amma ka yi ta ɗauraya jikinka yana santsi. Wake yana saurin lugwigwita, shayi yana yin duhu, a harshe kuma akwai ɗan bauri da zartsi. Gwajin da na fi so a nan shi ne na zoɓo. Jiƙa ɗan zoɓo a ruwan sama, ka ɗiga digo uku ko huɗu a kofin gilashi na ruwan sama da na ruwan rijiya. A na sama zai tsaya ja-ja. A ruwan kanwa jan zai gudu, ya koma shuɗi-shuɗi ko toka-toka mai ɗan kore. Kada ka zuba da yawa, tsamin zoɓon zai rinjayi kanwar. Takardar pH za ta tabbatar maka: ruwan sha ana son sa tsakanin 6.5 da 8.5, na kanwa yakan haura.

Na'urar auna gishiri tana faɗin jimillar abin da ya narke ne kawai, ba ta faɗin ko mene ne. Ƙasa da 600 yawanci ruwa yana da daɗin sha, sama da 1,000 mutane sukan fara ƙin sa. Sai ka haɗa lambarta da gwajin sabulu: lamba babba babu kumfa, nauyi ne, lamba babba ga kumfa ga santsi, kanwa ce ko gishiri. Ruwan kanwa da na gishiri ba su da magani a gida. Alif ba ya kwantar da su, ƙyalle ba ya tace su, tafasawa ƙara musu ƙarfi take yi tunda ruwa ne ke tashi gishirin ya zauna. A bar su ga wanki da shayar da dabbobi, a nemi na sha a rijiyar tudu ko famfo mai zurfi, musamman ga mai hawan jini da mai ciwon ƙoda.

Mataki na 4: Kai ruwan ɗakin gwaji

Duk abin da na faɗa a sama bai isa ya wanke rijiya daga zargi ba. Mutanen Tibirin Gobir, kusa da Maradi, sun sha ruwan wata rijiya mai zurfi tun daga tsakiyar shekarun 1980 har wajen 2000. Ruwa ne fari, ba wari, ba zartsi. Fuloraid ɗin da ke cikinsa ya ninka iyakar miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, kuma ɗaruruwan yara suka tashi da lanƙwasassun ƙafafu da lalatattun haƙora. Babu gwajin sabulu ko na zoɓo da zai nuna wannan. Duk wanda aka damƙa wa famfon gari ya kamata ya san labarin Tibiri, ya kuma riƙa duba bakin yaran da aka haifa suka girma a kan ruwansa. In haƙoransu na dindindin suna fitowa da fararen tabo ko launin ƙasa-ƙasa, yara da yawa ba ɗaya ba, ruwa ba ya tsami banza, a kai shi gwaji ba tare da jira ba.

Nitrat shi ne na biyu, kuma a ganina shi ya fi kusa da mu, saboda gajerun rijiyoyi da masai da takin lambu. Iyakarsa miligiram 50 a lita. Babba ba ya jin komai, jariri ne yake shiga haɗari, domin nitrat yana hana jininsa ɗaukar iska har leɓɓansa su yi shuɗi. Tafasa ruwan ba ta cire shi. Wannan ƙarin dalili ne na bin shawarar likita, a bar jariri kan nonon uwa zalla har wata 6.

Yadda ake ɗaukar samfur: a buga famfo na mintuna kafin a ɗiba, don a sami ruwan ƙasa ba wanda ya kwana a bututu ba. Don gwajin sinadarai, kwalbar lita ɗaya a ɗauraye ta sau uku da ruwan wurin, a cika ta fal, a rubuta sunan gari da rijiya da ranar. Don gwajin ƙwayoyin cuta, kwalbar ɗakin gwaji ake karɓowa, ba a ɗauraye ta, ba a taɓa bakinta ko cikin murfinta, a sa ta cikin ƙanƙara ta isa cikin awa 6. Kuskuren da aka saba shi ne a ba direban tasha kwalba ta wuni a rana, sakamakon da zai fito ba na rijiyarka ba ne. Abin da ake nema shi ne kada a sami ƙwayar E. coli ko ɗaya a mililita 100. Ofishin ma'aikatar ruwa na Magarya ko na Dungas shi ne ƙofar farko, su za su nuna hanyar kai samfur Damagaram. Dokar ruwa ta Nijar ta 2010 ta ba ƙananan hukumomi babban matsayi a sha'anin ruwan karkara, saboda haka ka sanar da ofishin ƙaramar hukuma, kuma in kamfani ne ke tafiyar da shaton garinku, kuna da damar neman ya nuna muku takardar gwajinsa ta ƙarshe.

Mataki na 5: Kwantar da gurɓi

Wannan na mai ruwan tafki ne ko rijiyar da ta gurɓace. Fara da tacewa da ƙyalle ninki huɗu. Tacewa da ƙyalle na cikin abin da ya raba mu da kurkunu, har aka tabbatar wa Nijar ta rabu da shi a 2013, kada mu yar da al'adar. Sannan alif: a kaɗa ɗan ƙulli cikin bokiti na ɗan lokaci a cire, ba a jefa shi a bari ya narke duka, in ya yi yawa ruwan yana yin bauri. Wanda ba shi da alif, ƙwayar zogale busasshiya tana yin aikin: a ɓare, a daka ta yi laushi, kamar ƙwaya ɗaya ga lita ɗaya, a dama da ɗan ruwa a zuba, a juya da sauri sannan a hankali, a bar shi awa ɗaya zuwa biyu. A tsiyaye na sama a wani mazubi, kuma ruwan zogale a yi amfani da shi a ranar.

Dalilin wannan mataki shi ne laka tana cinye kulorin, tana kuma ɓoye ƙwayoyin cuta. Amma ruwan da ya kwanta bai zama na sha ba tukuna. Alif yana rage ƙwayoyin, ba ya kashe su.

Mataki na 6: Kashe ƙwayoyin cuta

Hanya uku ce, ka zaɓi wadda za ka iya dawwama a kanta.

Tafasawa: ruwan ya tafasa sosai yana bulbula na minti ɗaya, ya huce a tukunyar da aka dafa shi a rufe. Ɗumi ba tafasa ba ne. Tsadar itace ce matsalarta.

Rana: farar kwalbar roba da ba ta wuce lita 2 ba, a cika da ruwa marar gurɓi, a kwantar da ita kan rufin kwano awa 6 cikin rana sosai, kwana 2 in akwai hadari ko hazo mai kauri. Kwalbar da ta dushe ko ta kakkarce a canza ta.

Kulorin: ita ce na fi ba kwamiti da 'yan ga-ruwa shawara, domin tana zama cikin ruwa ta ci gaba da tsaronsa har randa. In ƙwayar Aquatabs ce, karanta jikin takardarta, girman ƙwayoyin ya bambanta, kowace da litar da aka yi ta dominta. In jabel ne, duba ƙarfinsa a jikin kwalba. Mai kashi 2.6 cikin ɗari, mililita ɗaya da rabi ga jarka mai lita 20; mai kashi 3.6, mililita ɗaya da ɗan ɗoriya. Da sirinji ake aunawa, murfin kwalba ba ma'auni ba ne. In ruwan bai yi garau ba a ninka. A girgiza, a rufe, a jira minti 30. Ruwan kanwa yana rage wa kulorin kaifi, in pH ya wuce 8 a jira awa guda. Bayan jiran ya kamata a ji ɗan ƙamshin kulorin kaɗan, in babu ko alama, datti ya cinye ta, a sake zuba awo ɗaya. Mai akwatin gwaji ya nemi miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita, lokacin annoba kuma kada ya gaza 0.5. Kwalarar 2021 ta taɓa jihohin Damagaram da Maradi, kuma da damina irinta take zuwa.

Jabel mai turare ko wanda aka haɗa da sabulu ba na sha ba ne. Wanda ya daɗe a rana a kasuwa ƙarfinsa ya ragu. Kada a haɗa shi da lemun tsami ko wani maganin wanke-wanke, yana tayar da iska mai ƙona huhu. Kada a juye shi a kwalbar lemo, yara suna ɗauka su sha. Zuba jabel cikin rijiya kuma ba ya tsare ta sai na ɗan lokaci, sabon ruwa yana shigowa ya wanke shi. Rijiyar da ambaliya ta shiga aikin ma'aikatan ruwa ce: a yashe ta, a wanke ta da kulorin mai ƙarfi, a kwashe ruwan kafin a koma sha.

Mataki na 7: Tsare shi a gida

Ruwa da yawa yana barin famfo da lafiyarsa, a randa yake lalacewa. Hannun yaro, moɗar da ta faɗi ƙasa aka mayar, kofin da kowa ya sha ya tsoma. Randa ta zauna kan abin da ya ɗaga ta, da murfi, da moɗa mai dogon hannu da ake ratayewa, a ɗiba da ita a juye a kofi. A wanke randa duk mako. 'Yan ga-ruwa su leƙa cikin jarkokinsu da fitila: koren gansakukan da ke ciki ana fitar da shi da tsakuwa ƙanana da ruwan jabel a girgiza. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin ƙwari ba ta komawa ta ruwan sha, komai wanki. Leda da tsumma da ake toshe bakin jarka da su a maye su da murfi.

Mataki na 8: Rubuta, ka maimaita

Ruwan rijiya ba ya zama iri ɗaya duk shekara. A auna shi sau biyu aƙalla: ƙarshen bazara, lokacin da ruwa ya ja baya gishiri ya taru, da tsakiyar Agusta, lokacin da ya taso ya haɗu da abin da ke sama. A rubuta ranar, lambar na'ura, pH, launi, da abin da mata suka ce game da sabulu da girki, domin su ne ke fara lura. Lamba ɗaya ba ta faɗin abu mai yawa, amma in ta bana ta ninka ta bara, wani abu ya shiga rijiyar, a koma mataki na farko a zagaya. Littafin ya zauna hannun kwamiti, in an canza shugabanni a miƙa shi tare da kuɗin asusu.

Ina kira ga kwamitocin ruwa na Sassumbrum da ƙauyukanta: duk wanda bai taɓa kai ruwansa gwajin fuloraid da nitrat da ƙwayoyin cuta ba, ya ware kuɗin daga asusun famfo ya kai kafin ruwan farko ya sauka, ya kuma liƙa takardar sakamakon a jikin famfon, a karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba.